Mai Ƙosai da ƙullutun da ba ya ciwo

Da izininta muka rubuta wannan labari, bisa sharaɗin kada a faɗi sunanta ko na garinsu. Za mu kira ta da sunan da yaran unguwa ke kiran ta, Mai Ƙosai. Mu da muka rubuta ma'aikatan lafiya ne masu duba mata a ƙananan asibitocin karkara.

Tana da shekara 16 aka yi mata aure. Ta haifi tara, bakwai na raye. Tun tana goyon na uku take suya a zauren gida, yara na kai wa bakin makaranta da tasha. Shekara shida kafin nata ya taso, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya ta rasu da ciwon daji a nono, kuma ita ta yi jinyarta daga farko har ƙarshe. A gabanta aka fara da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, aka kai ga kiran wanzami ya yi sakiya don a fitar da mugun jini. Wurin ya buɗe ya ƙi rufewa, har ta kai sai an yi turare kafin mutum ya iya zama a ɗakin. Da aka gaji aka kai ta babban asibiti, aka yi mata allurai, ba ta rufa wata biyu ba. Dangi suka riƙe cewa daji ba ya son ƙarfe, asibiti ne ya ƙarasa ta. A gaskiya kuwa an kai ta ne ciwon ya riga ya sauka a huhu da ƙashin baya, alluran da aka yi mata na rage raɗaɗi ne kawai. Babu wanda ya zaunar da dangin ya yi musu wannan bayani.

Shi ya sa ranar da Mai Ƙosai ta ji wani abu mai tauri a nononta na hagu tana wanka, can sama wajen hammata, kamar ƙwallon dabino, ta ja bakinta ta yi shiru. Tana da shekara 44 a lokacin. Ba ya ciwo, ba ya hana ta suya. Sau biyu ta aika kemis aka haɗo mata kafso, ta shanye, abin yana nan daram. Wata huɗu ta yi a haka, ko maigidanta bai sani ba.

Ba don kanta ta zo asibitin ba. Jikanta ta kawo allurar ƙyanda ta wata tara, uwarsa na fama da zazzaɓi.

Asibitin nan irin na sha-ka-tafi ne, ɗaki huɗu da baranda, babu likita, babu na'urar hoto. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin ɓangare uku. Ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki da ma'aikata mata biyu. Wata ƙungiyar mata mai zaman kanta ta ɗauki nauyin horo, da kuɗin motar duk matar da aka tura gaba, da alawus ɗin mace guda da ake kira mai rakiya. Asibitin koyarwa na birni kuma ya ware rana ɗaya a mako da likitan tiyata zai ga matan da aka turo, ya kuma ba da lambar wayar likita guda da za a iya kira kai tsaye. Wannan na ukun shi ne ya fi wuyar samu, shi ne kuma ya fi komai amfani. Mun sha ganin gangamin watan Oktoba, watan wayar da kai kan dajin mama, a kafa rumfa, a raba riguna masu ruwan hoda, a duba mata ɗaruruwa a yini guda, a ce wa masu ƙullutu su je babban asibiti, a naɗe rumfa a tafi. Matar da aka gaya wa tana da ƙullutu ba a nuna mata ƙofar da za ta shiga ba, an ƙara mata tsoro ne kawai.

Ba a jira ranar gangami a wannan asibiti. Ranar rigakafi da ranar awo da ranar tazarar haihuwa, duk macen da ta kai shekara 30 zuwa sama ana tambayar ta ko tana so a duba ta, ko da rakiya ta yi. Jami'ar da ta yi wa jaririn allura ce ta ɗago ta ce, "Inna, ke fa, an taɓa duba miki mama?" Mai Ƙosai ta ce lafiyarta ƙalau. Jami'ar ta ce ai masu lafiyar ake dubawa, babu allura, babu kuɗi, kuma babu namijin da zai shigo. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa ta miƙa jikan ga wata ta bi ta bayan labule.

Dubawar ba tausa ba ce, tana da ƙa'ida. Ana fara ta da ido, mace na zaune an sauke zane zuwa ƙugu, a wurin da haske ke shigowa sosai. A kalle ta hannaye a sauke, sannan ta ɗaga su sama, sannan ta kama ƙugu ta danna. Wannan dannawar na sa naman ƙirji ya ɗaure, idan akwai ƙari da ya kama fata sai wurin ya lotsa. Ana neman fatar da ta yi huji-huji kamar ɓawon lemu, kan nonon da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ƙaiƙayi ko gyambon da ya ƙi warkewa a kan nono, ko nono ɗaya da ya canza girma. Sai ta kwanta rigingine, hannun ɓangaren da za a duba a ƙarƙashin kai, domin nonon ya baje a kan haƙarƙari. Da tafin yatsu uku na tsakiya ake dubawa, ba da tsinin yatsu ba, ba kuma a damƙe nono a matse, domin duk nonon da aka damƙa sai an ji kamar ƙullutu. A kowane gurbi a yi ɗan kewaye sau uku, na farko sama-sama, na biyu da ɗan nauyi, na uku har a ji haƙarƙari. A bi layi-layi daga sama zuwa ƙasa kamar mai huɗa, tun daga ƙashin wuya har ƙarƙashin nono, daga tsakiyar ƙirji har tsakiyar hammata. Kowane nono na cin kamar minti uku. Wadda ta gama duka biyun a minti ɗaya ba ta duba ba. Daga nan a laluba hammata da saman ƙashin wuya a ji ko akwai kaluluwa. Ga mai jinin al'ada, an fi jin komai sarai bayan ta yi wanka da 'yan kwanaki, lokacin da nono ya saki, amma ba a mayar da mace gida don wannan. Wadda aka ce ta dawo jibi sau da yawa ba a ƙara ganin ta.

Jami'ar ta ji shi tun a layi na biyu. Mai tauri, gefensa ba sumul ba, ba ya zillewa ƙarƙashin yatsa. Ta auna da ɗan tef, santimita uku. Ba ta ce daji ne ba, domin hannu ba ya iya faɗin haka, kuma ƙullutu tara cikin goma da ake samu a nono ba daji ba ne. Ba ta kuma ce ba komai ba. Cewa ta yi, "Inna, na ji abin da kika sani. Tun yaushe?" Nan Mai Ƙosai ta fashe da kuka, ta ba ta labarin yayarta.

Akwai masu raina wannan dubawa ta hannu, suna ganin in ba na'urar mamogiram mai ɗaukar hoton nono ba to wasa ake. Ga abin da aka gani a Mumbai ta Indiya: asibitin Tata Memorial ya bi mata sama da 150,000 masu shekara 35 zuwa 64 har tsawon shekara 20. Rabinsu ma'aikatan lafiya mata da aka horar suna duba su da hannu duk bayan shekara biyu, rabi ba a duba su. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an fi kama ciwon da wuri a cikin waɗanda ake dubawa, kuma a matan da suka kai 50 zuwa sama mace-mace ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. A ƙasar da yawancin mata ke isa asibiti a mataki na uku ko na huɗu, wato ciwon ya riga ya yi nisa, yatsu uku masu horo ba ƙaramin abu ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ce mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Wato kusan duk biyun da aka gano, ana binne ɗaya.

Aka rubuta mata takardar turawa gida biyu, ɗaya a hannunta, ɗaya a asibiti, aka shigar da ita rajista ta musamman mai gurbin kwanan wata huɗu: ranar da aka ji ƙullutu, ranar hoto, ranar ɗiban tsoka, ranar sakamako. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ce tsakanin gurbi na farko da na ƙarshe kada a wuce kwana 60. Ya kuma sa burin a kama aƙalla kashi 60 na masu ciwon a mataki na ɗaya ko na biyu, kuma kashi 80 na waɗanda suka fara magani su kammala.

Ranar Talatar da aka ba ta ba ta je ba. Lambar da ke rajista ta maigidanta ce, shi kuma bai san da zancen ba, wayar ma a kashe take don yana gona. Kuskuren na asibiti ne: ba a tambaye ta wa ta yarda ya sani ba. Tun daga kanta aka koma karɓar lamba biyu da kwatancen gida, ana kuma tambayar mace wa za a kira, me za a ce masa. Mai rakiya ta hau acaɓa ta nemo gidan da kwatancen masu sayen ƙosai. Ta zauna da ita har kasko ya huce, sannan da yardarta suka jira Malam ya dawo. Da ya ji, abin da ya fara faɗa shi ne, "Irin na yayarki ne? To ba za a taɓa ta da ƙarfe ba." Mai rakiya ba ta yi musu da shi ba. Ta ce, "Baba, hoto kawai za a fara yi, kai ma ka zo ka gani da idonka." Ta ajiye kuɗin motar mutum biyu. Kuɗin mota na mutum ɗaya ba ya kai mace asibitin birni, wannan darasi ne da ƙungiyar ta koya da tsada.

Kwana 19 da jin ƙullutun aka yi mata sikanin da mamogiram. Wadda ba ta kai 40 ba yawanci sikanin ake fara yi mata, domin nononta a cike yake, mamogiram ba ya gani sosai. Bayan mako guda aka ɗebi tsoka. An kashe wurin da allura, aka shigar da wata allura mai kauri mai ƙara kamar an taka busasshen kara, aka ciro 'yan zare-zaren nama guda huɗu. Ba a kwantar da ita ba. Wannan allura ba ta watsa daji, ko da yake ita ce aka fi tsoro a ƙauye.

A nan wajen tsoka ake yawan yin ɓarna, kuma mara lafiya ba ta taɓa sani. Dole tsokar ta shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 kafin awa ɗaya da ciro ta, ruwan ya ninka girmanta kamar sau goma, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan aka zuba ta a ruwan gishiri ko sifirit, ko aka ba dangi kwalba ta kwana biyar a gida ana neman kuɗin gwaji, ana iya gane daji ne amma gwajin da ke nuna irinsa sai ya fito ba daidai ba. Mafi muni shi ne ƙaramin asibitin da zai yanke ƙullutu ya jefar, ya ce wa mace an cire. Bayan wata takwas ta dawo da ƙari a kan tabon, babu wanda ya san abin da aka cire.

Sakamakonta ya fito a kwana na 47. Daji ne, irin wanda sinadarin mata na estirojin ke ciyarwa, ba shi da alamar HER2, wani sinadari da ke sa daji saurin girma. Likita ya zaunar da ita da Malam ya ce wannan labari ne mai daɗi a cikin mara daɗi, domin irin nan yana da ƙwayar da ke riƙe shi, kuma ba ta buƙatar allurar nan mai tsada da ake yi wa masu HER2 har shekara guda. Hoton ƙirji da na ciki ba su nuna ya yaɗu ba. Malam ya tambayi ko za a iya barin nonon. Likita ya ce ana yi, amma sai an tabbata za a samu gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ragowar ciwon, a kan lokaci, kuma na'urar gashi ba kowace jiha ke da ita ba. Ita ce ta yanke maganar. Ta ce, "Likita, na shayar da tara da shi, ya gama aikinsa. A cire."

An cire nonon da kaluluwar hammata, biyu daga ciki ciwon ya taɓa su. Mataki na biyu ke nan. Ta koma gida da robar da ke tsotse ruwa daga wurin aikin, jami'ar asibitin ƙauye ce ke auna abin da ya taru kullum, da ya koma ƙasa da mililita 30 a yini aka zare ta. Ita ta koya mata tafiya da yatsu a jikin bango, kullum a ɗan ƙara sama, ana yin alama da gawayi. Wadda ba ta yi wannan motsa hannu ba kafaɗarta na iya sanƙarewa har ta kasa ɗaura ɗankwali.

Kemo, wato maganin kashe daji da ake sakawa ta jijiya, ya fi tiyata ba ta wuya. Zagaye takwas, duk bayan kwana 21. Huɗun farko da jan ruwan nan da ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, an gaya mata tun kafin a saka don kada ta zaci jini ne. Gashin kanta ya fara zuba bayan mako biyu. An gaya mata wannan ma, amma ba a gaya wa kishiyar maƙwabciyarta ba, wadda ta baza cewa asibiti sun fara cinye ta kamar yayarta. Cinikin ƙosai ya faɗi, wasu na tsoron ɗauka, alhali daji ba a ɗaukar sa a abinci ko a kwano ko a numfashi. Sai da aka roƙi malamar Islamiyyar matan aure ta yi bayani a aji, ta kuma aika a sayo mata ƙosan a gaban kowa.

A zagaye na uku aka auna jininta aka ga fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa, aka ce ta koma sai bayan mako. Ba a yi mata cikakken bayani ba, sai ta ɗauka an sallame ta ne don babu sauran dabara. Ta kwana biyu tana rabon kayanta. Mai rakiya, da ke kiran kowace mai kemo washegarin ranarta, ita ta gano, ta haɗa ta da likita a waya. Ɗage kemo da mako guda don jini ya farfaɗo abu ne na yau da kullum. Wanda ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi a tsakanin zagaye: idan zafin jiki ya kai 38, ba a jiƙa komai, ba a zuwa kemis, asibiti ake nufa ko da tsakar dare, domin jikin ba shi da masu tsaro a lokacin. Don haka aka ba ta ma'aunin zafi, babbar 'yarta ta koyi karanta shi.

Kuɗi kuwa, akuya biyu da kwasar adashi suka tafi tun kafin zagaye na huɗu. Yarjejeniyar ta tanadi dubawa da mota, ba ta tanadi magani ba, kuma a ganinmu wannan gurguwar yarjejeniya ce. Duk ƙungiyar da za ta fara duba mata ta zauna ta lissafa wa zai biya tsoka da kemo tun kafin ta sayi riga ko ɗaya. Akwai asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda aka fara da asibitoci shida, ciki har da na koyarwa na Zariya da na Gombe da Asibitin Ƙasa na Abuja. Takardunsa ba matar da ba ta yi boko ba ce za ta cike su ita kaɗai. Aikin mai rakiya ne, tare da ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Sauran kuɗin kwamitin lafiya na mazaɓa ne ya tara bayan sallar Juma'a, ba tare da an ambaci sunanta ba.

Gashi ya kai ta wata jiha, ta zauna gidan ɗan ƙanin Malam mako uku, zama 15, Litinin zuwa Juma'a, kowane zama 'yan mintoci. Sunan ya tsorata ta, ta zaci wuta za a kara mata kamar tsire. Ba ta ji komai ba sai fatar wurin da ta yi duhu ta yi ɗan saɓa.

Ana cikin haka aka yi wa jami'ar da ta fara jin ƙullutun canjin wurin aiki, ɗayar kuma ta tafi hutun haihuwa. Wata uku babu wadda aka duba a asibitin. Horar da mutum biyu a asibiti ba ya isa, kuma sai an sa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a cikin yarjejeniyar, domin shi ke sa hannu a canjin ma'aikata. A rajistar nan dai, layi biyu ƙasa da na Mai Ƙosai, akwai wata mai shayarwa da aka yi ta ba maganin ƙwayoyin cuta ana cewa kumburin nono ne na goyo. Ƙa'ida ita ce idan kumburi da ja ba su sauka ba bayan mako ɗaya zuwa biyu na magani, a tura ta gaba. Gurbinta na biyu har yau babu kwanan wata. An ce mijin ya mayar da ita garinsu.

Yanzu shekara uku da tiyatar. Mai Ƙosai na shan tamoksifen, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, za ta yi aƙalla shekara biyar a kai. A gwangwanin gishiri take ajiye ta don kada ta manta, da azumi kuma bayan buɗa baki take sha. An gaya mata kada ta ɗauki ciki tana kai, aka saka mata robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadarin mata. Ta san in ta ga jini ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ba ta jira ranar da aka ba ta. Duk wata shida tana komawa birni, duk shekara a yi wa nonon dama hoto. 'Ya'yanta mata huɗu an shigar da su rajista, tunda uwa da yayarta duk sun yi, za a fara duba su tun kafin shekarun da ake fara duba sauran mata.

Hannun hagu yakan ɗan kumbura in ta yi aiki da yawa, don haka ta bar wa 'yarta surfe da buga ƙullu, ita tana bakin kasko. Wata tela a unguwar ta ɗinka mata 'yar jaka mai siffar nono, da farko da auduga, sai ta riƙa hawa sama in ta ɗaga hannu. Suka farke suka zuba gero rabin gwangwanin madara a ƙasan audugar, ta zauna daidai.